Bindigar Sikawut a Dajin Binuwai: Daidaiton Harsashi da Zaɓen Kalibar Farauta

Dabbar da maharban Amurka da na Turai suke gina mafi yawan maganarsu ta bindiga a kanta ba ta cikin dajinmu. Mukan fassara sunanta, wato deer a Turanci, da barewa saboda rashin wata kalma da ta fi kusa, amma dangi ne daban: tasu ƙahonta yana da rassa kamar reshen itace, yana faɗuwa kowace shekara wani ya sake tsirowa, alhali barewarmu da gada da mazo da mariya da gwanki ƙahonsu ɗaya ne tun daga ƙuruciya har mutuwa. A duk faɗin Afirka, sai a dazuzzukan tsaunukan Atlas, can wajen Aljeriya da Tunisiya, ake samun irin waccan barewa a matsayin 'yar ƙasa. Wannan bambanci ba na masana dabbobi kaɗai ba ne, domin idan Ba'amurke ya ce harsashi kaza ya isa barewa, yana nufin dabbar da namijinta yakan kai kilo 70 zuwa 130, wato tsaran mariya. Barewarmu mai jan goshi ba ta cika wuce kilo 30 ba, gada ma ba ta kai hakan ba, gwanki kuwa yakan doshi kilo 300, sannan ga babban ƙato na dajin Binuwai da Faro a arewacin Kamaru, wanda baƙi ke kira eland ɗin Derby, da namijinsa kan haura kilo 600. Saboda haka duk shawarar da ta ƙetaro teku sai an fara auna ta da nauyin dabbobinmu kafin a san inda ta dace da inda ta gaza.

Daga cikin abubuwan da suka ƙetaro ɗin akwai bindigar sikawut. Wanda ya tsara ta shi ne Jeff Cooper, tsohon hafsan sojan kundumbala na ruwa na Amurka, wanda ya kafa makarantar koyon harbi a Gunsite ta jihar Arizona a 1976, ya kuma rasu a 2006. A farkon shekarun 1980 ya fara yaɗa ra'ayin cewa masu ƙera bindigogi sun ɓata hanya, suna ta ƙara musu tsawo da nauyi da manyan madubai, har mutum ya koma bawan kayansa. A 1983 ya tara maƙera da maharba a Gunsite suka zauna kan siffar bindigar da mutum ɗaya zai iya yawo da ita yini guda a ƙafa, ya yi farauta da ita, ya kare kansa da ita idan ta kama. Sunan sikawut ɗin ya ɗauko shi ne daga 'yan leƙen asirin daji na dā, masu tafiya su kaɗai a gaban runduna, waɗanda aikinsu gani ne da komowa da labari, harbi kuwa sai dole.

Sharuɗɗan da ya gindaya suna da tsauri. Tsawon bindigar kada ya wuce mita ɗaya. Nauyinta da madubi da maratayi ya tsaya a kilo 3, in an yi sassauci kilo 3 da rabi. Ta kasance mai sakata, wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi. Ta ci harsashin .308 Winchester (lambar nan ita ce kalibar, wato girman harsashi), a ɗora mata ƙaramin madubi mai kusanto da abu sau biyu ko uku kacal, kuma a kafa shi can gaba a kan bututu maimakon kusa da ido, a bar mata saitin ƙarfe na ko-ta-kwana idan madubin ya fashe. Game da daidaito, bai nemi abin a zo a gani ba: ya ce in ta iya tara harsasai uku cikin da'irar da ba ta wuce inci 4 ba a nisan yadi 200, ta wadatar. Dabbar da ya fara ƙiyasta mata kuwa ita ce wadda ba ta wuce kilo 200 ba. Kamfanin Steyr na ƙasar Ostiriya ne ya fitar da ita kasuwa a ƙarshen shekarun 1990, da bututu mai inci 19, da ƙafafun dogara guda biyu da ke naɗewa cikin jikinta, da gurbin ajiye gidan harsashi na biyu a cikin gindinta. Ruger ya biyo baya a 2011 da tasa mai suna Gunsite Scout, mai bututun inci 16 da rabi da gidan harsashi mai cin goma, kamfanonin Savage da Mossberg su ma suna da nasu. Abin lura shi ne da yawa daga cikin waɗannan, da zarar an ɗora musu madubi da maratayi, sun haura nauyin da Cooper ya yanka, ta yadda suna ne ya rage musu, sharaɗin nauyi ya riga ya karye.

Wanda ya san yadda ake farauta mai lasisi a yankunan da ke kewaye da gandun dajin Binuwai da Faro da Buba Njidda zai ga inda tunanin Cooper ya zo daidai da ƙasarmu. Farautar nan ta bin sawu ce. Ana fita da sanyin asuba, masu bin sawu suna gaba, a yi ta tafiya cikin gamba da ƙonanniyar ciyawa da duwatsu har rana ta take, wani lokaci sa'a biyar ko shida ba a ɗaga bindiga ba. A irin wannan tafiya kowane rabin kilo yana da lissafi, kuma gajeriyar bindiga ba ta sarƙewa da ƙaya ko rassan taura. Bugu da ƙari, dajin namu na itatuwa ne jefi-jefi, ba fili fetal ba, don haka yawancin harbi bai wuce mita 60 zuwa 150 ba, kuma dabbar da aka daɗe ana bi ba ta ba mutum fiye da 'yan daƙiƙu idan ta waiwayo. Bindigar da ke hawa kafaɗa da sauri ta fi doguwa mai nauyi amfani a nan.

Sai dai rashin nauyi ba kyauta ba ne. Ƙarfin shurin da bindiga ke yi wa kafaɗa yana ƙaruwa ne gwargwadon raguwar nauyinta, ta yadda harsashi iri ɗaya da aka harba daga bindiga mai kilo 3 zai yi shurin da ya fi na mai kilo 4 da kashi ɗaya cikin uku. Gajeren bututu kuma yana ƙara ƙarar da ke dukan kunne da wutar da ke fita a baki. Waɗannan biyun su ne ke koya wa maharbi mummunar ɗabi'ar nan ta runtse ido da fizgar kunama tun kafin harsashi ya fita, kuma ɗabi'a ce da mai ita ba ya sanin yana da ita sai an ɗana masa bindiga babu harsashi ba da saninsa ba, ya ga yadda bakinta ke dukan ƙasa. Akwai kuma asarar gudu. Ƙwayar .308 mai giren 150, wato giram 9.7, takan fita daga bututun inci 24 da gudun mita 860 a daƙiƙa, ƙarfinta ya kusa jul 3,600 (jul ma'aunin ƙarfin bugu ne). A bututun inci 16 da rabi gudun yakan sauko wajen mita 800, ƙarfin ya koma kimanin jul 3,100. A nisan da muke harbi wannan asara ba ta hana komai a kan mariya ko mazo, amma tana cinye rarar da mutum zai so ya riƙe idan gwanki ne a gabansa.

Madubin da aka tura gaba shi ne tambarin sikawut, kuma a ganina shi ne abin da zamani ya fi wucewa a cikinta. Dalilan Cooper suna da ma'ana a lokacinsa: maharbi zai buɗe idanunsa biyu, ɗaya yana cikin madubi ɗaya yana kallon abin da ke kewaye, saman sakata zai zama a buɗe don saurin ɗura harsashi, za a iya riƙe bindigar a tsakiyarta inda nauyinta ya daidaita, kuma madubi ba zai sari gira ba idan ta yi shuri. Amma madubin da ke nesa da ido yana da ƙunci, abin da yake nunawa kaɗan ne, kuma idan rana ta yi ƙasa tana bayan maharbi, haskenta yakan faɗa kan gilashin da ke fuskantarsa ya wanke hoton gaba ɗaya. To, safiya da yamma su ne lokutan da namun daji ke motsi, kuma maharbi mai hankali yakan so rana ta kasance a bayansa don ta kashe wa dabba ido, wato daidai yanayin da madubin sikawut ya fi rauni. A ƙara da hazon hunturu, wanda ke mayar da mariya da busasshiyar ciyawa launi ɗaya, sai a ga kusantowa sau biyu da rabi ba ta isa a bambance namiji tsoho da matashi ba, alhali lasisi da ƙa'idar farauta sun rataya ne kan wannan bambanci. Yanzu akwai madubai na kusa da ido masu canzawa daga sau ɗaya zuwa huɗu ko shida, waɗanda ke ba da saurin da Cooper ya nema da kuma ganin da bai samu ba, shi ya sa masu Ruger da yawa kan cire saitin baya su mayar da madubi inda aka saba.

Maganar daidaito ita ce inda aka fi ɓata wa mutane lissafi, don haka ta cancanci a tsaya a kanta. Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa minti na kusurwa, ana taƙaita shi MOA, kuma ɗaya daga cikinsa daidai yake da santimita 2.9 a nisan mita 100, ya ninka a mita 200, ya ninka uku a mita 300. Idan aka ce bindiga tana harba MOA ɗaya, ana nufin ramukan da ta huda a allo ba su fi wannan tazara tsakanin mafi nisa biyu ba. Sharaɗin Cooper MOA biyu ne, wato kusan santimita 6 a mita 100, abin da masu tallar bindigogin yau za su ɗauka abin kunya. Amma a duba abin da ake son a sama. Wurin da huhu da zuciyar mariya suke, bayan kafaɗa, faɗinsa ya kai kimanin santimita 20, kamar faifan rufe ƙwarya. Bindiga mai MOA biyu tana cikin wannan faifai har mita 300, idan ita kaɗai ce ke kuskure.

Matsalar ita ce ba ita kaɗai ba ce. A daji babu teburi da buhun yashi. Akwai gwafa ta sanduna da mai bin sawu ya kafa, da ƙirjin da ke haki bayan tafiyar sa'o'i, da zufa a ido, da ƙudan tsando a wuya. Mu ƙaddara cewa rawar hannun maharbi a wannan hali ta kai MOA huɗu, wanda ba mugun hannu ba ne. Kurakurai masu zaman kansu ba a tara su kai tsaye. Ana ninka kowanne da kansa, a haɗa, sannan a ɗauki tushen jimlar. Da bindiga mai MOA ɗaya sakamakon zai zama 4.1, da mai MOA biyu kuma 4.5. A nisan mita 150 wannan ya zama santimita 18 da santimita 19 da rabi. Wato duk kuɗin da mutum zai ƙara don ya sayi bindigar da ta ninka wata daidaito, abin da ya saya a daji bai wuce faɗin ɗan yatsa ba, alhali in ya rage rawar hannunsa daga huɗu zuwa uku ta hanyar atisaye, zai sami ninkin wannan riba har sau biyu ko uku. A nan Cooper ya yi gaskiya, kuma gaskiyar ba ta tsufa ba.

Akwai kuma yaudarar da ke cikin ƙidayar harbi uku. Ramuka uku suna iya haɗuwa wuri ɗaya bisa sa'a, kuma ɗan Adam yakan ajiye takardar da ta yi kyau ya jefar da sauran. Lissafin ƙididdiga ya nuna cewa bindiga ɗaya da harsashi ɗaya, tarin harbi biyar yakan fi na uku faɗi da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, na goma kuma ya fi shi da sama da rabi. Ba bindigar ce ta lalace ba, gaskiyarta ce ta ƙara bayyana. Sai dai ga maharbin nama, har tarin goma ɗin ba shi ne tambayar ba, musamman a bindiga mai siririn bututu irin sikawut, wadda ƙarfenta ke zafi da wuri ya fara karkatar da harsashi daga na huɗu ko na biyar. Abin da yake bukatar sani shi ne inda harsashin farko ke sauka daga bututu mai sanyi, domin shi ne wanda dabba za ta karɓa.

Me ke sa wani harsashi ya fi wani daidaito a bindiga ɗaya? Da farko akwai daidaituwar ƙira: nauyin ƙwaya, yawan albarushi, zaman ƙwayar a bakin kwanso ba tare da karkata ba. Idan albarushin wannan ya ɗara na wancan kaɗan, gudunsu zai bambanta, ɗaya ya sauka sama ɗaya ƙasa, kuma bambancin yana girma da nisa. Na biyu akwai murɗin da aka sassaƙa cikin bututu, wanda ke sa ƙwaya juyawa kamar mazari don ta tafi da kai a gaba, a .308 yawanci zagaye ɗaya ne cikin inci 10 zuwa 12, kuma doguwar ƙwaya tana son murɗi mai sauri fiye da gajeriya. Na uku, bututu yana karkarwa idan aka harba, kuma kowane nau'in harsashi yana barin bakinsa a wani matsayi na wannan karkarwa, shi ya sa bindigogi biyu da suka fito daga maƙera ɗaya a rana ɗaya za su iya bambanta a harsashin da suke so. Babu mai gaya wa mutum wannan daga nesa. Sai ya gwada iri biyu ko uku, ya riƙe wanda tasa ta karɓa, ya sayi isasshe daga rukuni ɗaya idan hali ya yi.

Ƙasarmu tana ƙara nata. A Garwa cikin watannin Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, kuma harsashin da ya yini a gaban mota yana shan rana ya fi haka nesa. Albarushi mai zafi yana ƙonewa da sauri, matsi ya ƙaru, gudu ya ƙaru, wurin saukar harsashi ya motsa, wani lokaci har sakata ta yi taurin buɗewa. Baƙon maharbin da ya daidaita saitinsa cikin sanyin Disamba a Turai, idan ya sauka a nan dole ya sake gwadawa kafin ya shiga daji. Kawalwalniya da ke tashi daga ƙasa da tsakar rana tana sa abin da ake kallo ya yi kamar yana rawa ko ya ɗaga daga inda yake. Iskar hunturu kuwa, idan tana kaɗawa ta gefe da gudun kilomita 16 a sa'a, takan ture ƙwayar .308 da kimanin santimita 10 a mita 200, da wajen 25 a mita 300, wato fiye da duk bambancin da ke tsakanin bindiga mai tsada da mai araha. Haka nan faɗuwar ƙwaya: in an daidaita saiti a mita 200, za ta bi sama da kimanin santimita 5 ko 6 a mita 100, ta faɗi ƙasa da wajen 25 a mita 300. Kuskuren ƙiyasin nisa kaɗai ya isa ya mayar da harbin ƙirji harbin ƙafa.

Bayan harsashi ya isa, sai maganar abin da zai yi a ciki, kuma a nan ƙirar ƙwaya ta fi lambar kalibar muhimmanci. Ƙwayar farauta darma ce da aka sa wa rigar jan ƙarfe aka bar bakinta a buɗe ko da laushi, domin ta baje kamar lemar kwaɗi idan ta shiga nama, ta yi faffaɗan rauni a huhu, dabba ta faɗi da wuri. Harsashin soja akasin haka yake, an rufe kansa ruf, tun da yarjejeniyar Hague ta 1899 ta hana amfani da mai bajewa a yaƙi, saboda haka yakan ratsa dabba ya bar ƙaramin rami ta gudu ta mutu a inda ba a gani. Cikin masu bajewar ma akwai daraja. Mai laushi ƙwarai yana tarwatsewa a kan ƙashin kafaɗar babbar dabba bai kai ciki ba, abin da ya sa John Nosler ya ƙirƙiro ƙwayar Partition a 1948, mai katanga a tsakiya, gaba ya baje baya ya ci gaba da ratsawa. Daga baya aka samu waɗanda aka manne darmarsu da rigarsu, da na jan ƙarfe zalla irin na kamfanin Barnes, waɗanda suka ƙara yaɗuwa bayan jihar Kalifoniya ta hana farauta da darma gaba ɗaya a 2019. Na jan ƙarfen suna ratsawa sosai kuma ba sa barin ɓurɓushin darma cikin naman da iyali za su ci, amma suna bukatar gudun da ya kai wajen mita 600 a daƙiƙa kafin su buɗe yadda ya kamata, wanda ke nufin gajeren bututu yana rage musu nisan aiki. Ga Musulmi akwai ƙarin dalilin kula da wannan: ana ambaton sunan Allah yayin harbi, dabbar da aka tarar da sauran rai a yanka ta, wadda kuwa ta tsere da rauni ta mutu cikin ciyawa rabon kura da ungulu ce, an yi asarar rai da nama a banza.

Sai a zo kan kalibar kanta, wadda ake ta musu a kanta kamar ita ce farko. Sunayen suna da rikitarwa domin kowace ƙasa da salonta. A .308 lambar faɗin ƙwaya ce a inci, a .30-06 lamba ta biyu shekarar 1906 ce; a 7x64 na Jamus, wanda Brenneke ya fitar a 1917, bakwai ɗin faɗi ne a milimita, 64 kuma tsawon kwanso. Ita kuwa bindigar lamba 12 da aka fi sani a ƙauyukanmu, irin Baikal ta Rasha ko tsohuwar Simplex ta Faransa, lambarta tana nufin dunƙulen darma goma sha biyu masu faɗin bakinta ne ke cika laba ɗaya. Bututunta sumul yake babu murɗi, kuma ƙwayoyinta ba abin dogaro ba ne bayan mita 30 ko 40, don haka ba ta cikin wannan lissafi.

Ƙasashen da suka daɗe da tsara farauta sun sa iyaka ta ƙasa maimakon su zaɓa wa mutum. A Ingila, manyan barewarsu ba a harbinsu da ƙasa da kalibar .240 mai ƙarfin da ya kai kimanin jul 2,300 a bakin bindiga. A Jamus, ƙaramar barewarsu mai kilo 20 zuwa 30 tana bukatar jul 1,000 a nisan mita 100, sauran manyan kuwa ƙwaya mai faɗin milimita 6.5 da jul 2,000. Idan aka ɗora dabbobinmu kan wannan sikeli, gada da batsiya da mazo suna cikin ikon .243 Winchester na 1955, mai ƙwayar giram 6.5 da shuri kaɗan. Mariya da kanki suna son .270 na 1925, ko 7mm-08 na 1980, ko 6.5 Creedmoor na 2007, ko .308, kuma duk wanda ya ce zai iya bambance aikin waɗannan a jikin mariyar da aka sama a huhu daga mita 120, yana faɗin son ransa ne. Gwanki shi ne bakin iyaka: .308 da ƙwaya mai giren 165 ko 180 mai riƙe jikinta zai yi, idan dabbar ta ba da gefe kuma nisa bai yi yawa ba, amma 7x64 ko .30-06 a bututu mai tsawo sun fi ba da natsuwa. Daga nan zuwa sama, wato eland da ɓauna, an fita gonar sikawut, wurin 9.3x62 na 1905 ne da .375 Holland & Holland na 1912, wanda ƙasashen Afirka da dama suka mayar mafi ƙarancin abin da ake fuskantar dabba mai haɗari da shi. Steyr ya yi ƙoƙarin cike wannan giɓi da harsashin .376 Steyr, sai dai bai yaɗu ba, kuma harsashin da ba a samunsa a kanti ya mayar da bindiga sanda.

A Kamaru akwai wani ƙulli da ya shafi .308 musamman. Cooper ya zaɓe shi ne saboda tagwaye suke da 7.62x51 na rundunar NATO, wanda bindigogin soja irin su FAL da G3 ke ci, don haka ana samunsa ko'ina a duniya. Wannan falala a Arizona ita ce aibinsa a ƙasashen da suka gaji tsarin dokar Faransa. Faransa kanta ta daɗe tana lissafa .308 da .30-06 cikin harsasan yaƙi, sai a 2013 ta sassauta, wanda shi ne dalilin da maharbanta suka saba da 7x64 da .270 da .300 Winchester Magnum. Dokar gandun daji da namun daji ta Kamaru ta 20 ga Janairu 1994 ta hana farauta da makamai ko harsasan yaƙi na soja da 'yan sanda, kamar yadda ta hana farautar dare da fitila, ta kuma kasa dabbobi aji uku, A da B da C, inda ajin A ke da cikakkiyar kariya. An sabunta dokar a Yulin 2024, mallakar bindiga kuma tana ƙarƙashin dokar makamai ta Disamban 2016. A yankin da ya ga kisan ɗaruruwan giwaye a Buba Njidda a farkon 2012, ya kuma sha fama da masu garkuwa da mutane da rikicin Boko Haram a Arewa Mai Nisa, gajeriyar bindiga mai baƙin gidan harsashi goma da ke leƙowa ta ƙasa ba za ta sami kallon kayan farauta a shingen jandarma ba, ko da takardunta sun cika. Cooper da kansa ya hango irin wannan, shi ya sa ya yarda da 7mm-08 a inda aka hana kalibar soja. Wanda ke da niyya, ofishin ma'aikatar gandun daji da namun daji da hukumar da ke ba da izinin makami su ne za su faɗa masa abin da aka yarda da shi kafin ya kashe sisinsa. Ita kuwa barewa mai jan goshi, wadda sunanta ya buɗe wannan magana, ta ragu har ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa ta cikin masu fuskantar barazana, saboda haka wurinta Waza ne da idon mai kallo.

Da ni za a tambaya, ga mai lasisin farautar matsakaitan dabbobi a yankin Binuwai, zan ɗauki jikin sikawut in bar tambarinta: bindiga mai sakata wadda ba ta wuce kilo 3 da rabi ba, bututun inci 20 ko 22, gidan harsashi mai cin huɗu da ke ɓoye a ciki, madubi na kusa da ido mai canzawa daga ɗaya zuwa shida, a kalibar 7mm-08 ko 7x64 gwargwadon wanda dillali mai izini ke iya kawowa a kai a kai. Gwajin da zan yi mata kuma ba na teburi ba ne. A kafa faifai mai faɗin santimita 20 a mita 100, a yi tafiyar rabin sa'a cikin rana da bindigar a kafaɗa, a dawo a ɗora ta kan gwafa a harba sau ɗaya tak, a tafi gida. A maimaita haka kwana biyar a ranaku daban-daban, da safe da kuma bayan azahar. Idan duka biyar sun shiga, a matsar da faifan zuwa mita 150 a sake farawa, kuma nisan da aka fara samun ɗaya a waje, wanda aka ci kafinsa shi ne iyakar wannan maharbi da wannan bindiga a wannan shekarar.